Furotin da Sukarin Jini: Abin da Bincike a Kan Ɓeraye Ya Bayyana

Galibin mutane sun san furotin ne a matsayin abinci mai gina jiki da ake samu a nama da wake da ƙwai, amma jiki da kansa yana ƙera dubban nau'o'in furotin, kuma su ne ke gudanar da ayyukansa, har da daidaita yawan sukarin da ke yawo a jini. Insulin, wato sinadarin da ke sa tsoka da kitse su janye sukari daga jini, furotin ne da aka gina da ƙananan sinadarai 51 da ake kira amino asid. Dabbobi ne suka kai masana ga gano shi: a 1889 Oskar Minkowski da Joseph von Mering suka cire wa kare pankiriyas, wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, sai karen ya kamu da ciwon sukari, sannan a 1921 Frederick Banting da Charles Best suka nuna a Toronto ta Kanada cewa ruwan da aka tato daga wannan gaɓa yana sauke sukarin irin waɗannan karnuka.

Labarin da ya fi koyar da yadda irin wannan bincike yake aiki ya fito ne daga Cibiyar Jackson da ke Jihar Maine a Amurka. A 1949 aka lura da wasu ɓeraye da ba sa ƙoshi, suna ta ci har nauyinsu ya kai ninki uku na 'yan'uwansu, aka sa musu suna ob. A 1966 kuma aka sami wani irin mai kama da su wajen ƙiba da haɗama, sai dai ciwon sukarinsa ya fi tsanani, aka kira shi db. A ido ba su da bambanci, amma masani Douglas Coleman ya so ya san ko matsalar tasu ɗaya ce, don haka ya ɗinke ɓeraye biyu gefe da gefe ta hanyar tiyata, yadda jinin ɗaya zai riƙa shiga jikin ɗayan. Da ya haɗa db da lafiyayyen ɓera, sai lafiyayyen ya daina kusantar abinci har yunwa ta kashe shi, alhali db bai fasa cinsa ba. Da ya haɗa ob da lafiyayye, sai ob ya rage ci, sukarin jininsa ya sauka. Da ya haɗa ob da db, ob ne ya ƙaurace wa abinci ya rame.

Coleman ya fahimci cewa akwai wani abu a jini da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa jiki ya ƙoshi, cewa ob ba ya samar da shi, shi kuwa db yana samar da shi da yawan gaske amma jikinsa ba ya jin saƙon, kamar gidan da ɗan aike ke ta sallama babu mai amsawa. Masana da yawa ba su gamsu ba, har sai da Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano ƙwayar gadon ob a 1994, aka tabbatar cewa abin nan da ke cikin jini furotin ne da kitsen jiki ke fitarwa, aka sa masa suna leptin. Ba da daɗewa ba aka tabbatar cewa abin da ya lalace a jikin db shi ne furotin da ke karɓar saƙon leptin. Abin lura a nan shi ne, allurar leptin kaɗan ta daidaita sukarin jinin ob tun kafin ƙibarsa ta ragu, wanda ke nuna cewa tasirinsa a kan sukari bai tsaya ga rage cin abinci ba.

Da aka koma kan mutane sai murna ta ragu, domin yawancin masu ƙiba suna da leptin mai yawa a jininsu, kuma ƙara musu shi bai yi wani tasiri mai girma ba. Ya yi amfani sosai ga yara ƙalilan da aka haifa ba su da shi, irin waɗanda likitoci a Kambirij ta Ingila suka fara bayyanawa a 1997, da kuma masu wata cuta da ke hana jiki tara kitse, waɗanda Amurka ta amince a yi musu magani da shi a 2014. Wannan ba gazawar ɓera ba ce, domin ɓeran ya amsa tambayar da aka yi masa daidai. Kuskuren na masu ɗauka ne cewa kowane mai ƙiba ob ne.

Wannan darasi ya shafi jami'o'in Nijeriya kai tsaye, inda ake yawan yi wa ɓeraye allurar aloksan ko sitireptozotosin, wato guba masu kashe ƙwayoyin da ke samar da insulin, sannan a gwada ganyaye irin su zogale da shuwaka a kansu. Bincike ne mai daraja, amma ɓeran da aka lalata wa pankiriyas cikin 'yan kwanaki ya fi kusa da nau'i na ɗaya na ciwon sukari, alhali mafi yawan majinyata suna fama ne da nau'i na biyu, wanda ke tasowa a hankali cikin shekaru saboda jiki ya daina amsa wa insulin yadda ya kamata. Saboda haka, duk wanda ya ji labarin cewa wani ganye ko sinadari ya sauke sukarin ɓeraye, ya kamata ya tambaya wane irin ɓera ne kuma ko an gwada a kan mutane, kuma kada ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa kafin ya sami amsar waɗannan tambayoyi biyu.