Mene ne adana abin sha da bugun lantarki?

Fasaha ce da ake kira PEF, mai kashe ƙwayoyin da ke lalata abin sha ba tare da tafasawa ba. Ana bi da ruwan tsakanin ƙarafa biyu, a sakar masa lantarki mai ƙarfin dubban volt, kowane bugu bai kai ƙiftawar ido ba. Bugun yakan huda fatar bakteriya da yis su mutu, ruwan kuwa ɗumi kawai yake yi.

Abin ya shafi masu yin makgeolli, giyar shinkafar Koriya, da amazake, wani abin sha na Japan. Kayansu kan ci gaba da tsami a kwalba, dafawa kuma tana sauya ɗanɗano. Sai dai ƙwayoyin da suka yi ƙwanso sukan tsira daga bugun lantarkin, don haka firij dole ne. Tsadar injin ma ta fi ƙarfin ƙananan masu sana'a.