Zaman Sanin Haƙƙi a Wurin Aiki: Ɗiyarki Tana da Lambar Kes?

Tun da tsarin Mata Masu Dubara ya fara a Maradi a 1991, mun saba da abu guda: kowace mace ta san abin da ta zuba, ta san ranar rabo. To amma ɗiyanmu da ƙannenmu masu aikin albashi a makarantun kuɗi, gidajen burodi da ɗakunan shan magani, da yawansu ba su san abin da ake yanke musu ba, balle inda yake tafiya.

Shi ya sa muke murna da zaman da wasu wuraren aiki ke shiryawa, inda ake ajiye aiki na awa ɗaya a zauna da ma'aikata a bayyana musu haƙƙinsu. Wata ƴar ƙungiyarmu mai shara a wani ofis ta halarci irinsa, ta kawo mana labari ranar zubi. Wallahi har an manta da akwati ana saurare.

Babban abin da ta ɗauko shi ne zancen Kes, wato CNSS. Wajibi ne mai aiki ya rubuta sunan ma'aikaciyarsa can, ta samu lamba. Ana cire kashi 5,25 cikin ɗari daga albashinta, shi ma ya zuba nasa, wanda ya fi nata yawa. Daga nan kuɗin iyali ke fitowa, da na haɗari a bakin aiki, da na tsufa. Ku lura, ƴan uwa: ana iya yankan kuɗin kowane wata alhali ba a kai shi ba. Kamar mace ce ta yi shekara tana zubi, ranar rabo a ce babu sunanta a littafi. Don haka ta nemi takardar albashi, ta je ofishin Kes da kanta ta tambayi lambarta.

Dokar aiki ta 2012 ta ba mai ciki hutun mako 14, takwas daga ciki bayan haihuwa, kuma ba a korarta cikin wannan hutu. In ta dawo, tana da awa ɗaya kullum ta shayarwa har shekara guda. Mafi ƙarancin albashi kuwa ya tashi zuwa jika 42 daga Janairun 2024.

An kuma taɓo zancen tafiya da kowa. Dokar ta hana ware mutum don jinsi, addini, naƙasa, cutar sida ko sikila, ta ce a keɓe wa masu naƙasa kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki. Wannan na sikila ya taɓa mu ƙwarai. Nawa ne cikinmu ke da yarinyar da ke ɓoye ciwonta don tsoron a sallame ta?

Abin da bai yi mana ba: sau da yawa da Faransanci ake zaman, a kan allo, masu shara da masu dafuwa suna can baya, wasu ma ba a kira su. Zaman tafiya da kowa ke nan? A yi da Hausa da Zabarmanci, a lokacin da mai goyo za ta samu zuwa.

Mu dai mun tsai da shawara: zubi mai zuwa kowace ta zo da takardar albashin ɗiyarta, masu karatu cikinmu su duba. Inda babu lamba, mata biyu za su raka ta wurin sufeton aiki.