Bayan An Sallamo Shi: Halin Mazan da Suka Yi Jinyar Sankarar Furostet a Tasawa da Mayahi

Kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya bayyana a 2024 cewa masu kamuwa da sankarar furostet a duniya duk shekara za su tashi daga miliyan 1.4 a 2020 zuwa miliyan 2.9 a 2040, kuma ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ne za su fi jin jiki. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Cutar ta masu manyan shekaru ce, mutane kuma suna ƙara daɗewa a duniya, sannan ta fi kama baƙar fata. Garuruwan Tasawa da Mayahi na yankin Maraɗi ba za su tsira daga wannan ba.

Hanyar magani ta ɗan buɗe. A 2021 aka fara gashin sankara da na'ura a cibiyar yaƙi da cutar ta ƙasa da ke Yamai, ga kuma babban asibitin Maraɗi kusa. Amma daga Tasawa zuwa Yamai ya haura kilomita 700, manomi kuwa sai ya sayar da gero ko bisashe kafin ya hau mota. Shi ya sa akan jinkirta har fitsari ya toshe ko ciwo ya kama ƙashin baya. A wannan mataki abin da yakan rage shi ne a datse sinadarin namiji da cutar ke ci, ko da allura mai tsada, ko da tiyatar maraina mai sauƙin kuɗi.

Daga nan ne matsalar da ba a faɗa take farawa. Tiyatar cire furostet kan bar yoyon fitsari da raunin mazakuta. Datse sinadarin kan kawo mutuwar sha'awa, gumi, kasala da raunin ƙashi. Dattijon da ke limanci ko yake sahun gaba sai ya janye daga masallaci don gudun najasa, alhali fiƙihun Malikiyya da muke bi ya yi rangwame ga wanda fitsari ke zubo masa mafi yawan lokaci. Ba a gaya masa ba ne, shi kuma kunya ta hana shi tambaya. A cikin gida uwargida na zaton an juya mata baya, kishiya na zargin asiri. Sai maigidan ya nufi masu shimfiɗar maganin ƙarfin maza ran kasuwa, inda ba a san abin da aka gauraya a ƙullin ba, abin da ke iya zama haɗari ga mai ciwon zuciya.

Akwai waɗanda shirunsu ya fi zurfi: maza masu mu'amala da maza. Binciken da aka yi a Jami'ar Minnesota ta Amurka ya nuna cewa illolin jinyar suna shafarsu ta fuskoki na daban, likitoci kuma ba su cika tambaya ba. A Tasawa da Mayahi kuwa, tsoron tonon asiri kaɗai ya isa ya hana mutum komawa asibiti. Ko mene ne ra'ayin ma'aikacin lafiya, amanar majinyaci da riƙon sirrinsa wajibi ne a kansa.

Abin takaicin shi ne yawancin gyaran ba ya cin kuɗi. Motsa tsokar da ke riƙe fitsari abu ne da nas zai koyar cikin ɗan lokaci, kuma yana taimakon mutane da dama. Cibiyar Danja da ke kusa da Maraɗi, tun 2012, ta nuna cewa matan da suka yi fama da yoyon fitsari suna bukatar kulawa bayan tiyata kafin su koma cikin jama'a. Maza ma haka suke.

Ya kamata asibitocin Tasawa da Mayahi su ware ma'aikaci namiji da ɗaki mai ƙofa, inda wanda aka sallamo zai zo shi da matarsa, in ya so, a yi masa bayani dalla-dalla. Malamai kuma su riƙa karantar da hukuncin mai yoyon fitsari a bainar jama'a, kada su jira sai an tambaya.