Yadda wasan kamun kifi ke koya wa yara lissafi

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa renon ƙananan yara cikin ilimin tushe a Najeriya, kuma manufar ilimi ta ƙasa ta ce a koyar da su ta hanyar wasa.

Malama takan zaɓi jigo guda, ta gina darussan mako a kansa. A garin Ambursa ba sai an je nesa neman jigo ba: ga bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, UNESCO kuma ta karrama shi a 2016.

A aji sai tabarma ta zama kogin Matan Fada, inda ake bikin. Yara su yanka kifayen kwali, su ɗauki gora da homar tsumma. Wanda ya kama ya ƙirga, ya ware manya da ƙanana, lissafi ke nan. Ya faɗi sunayensu: tarwaɗa, karfasa, giwan ruwa. Wata ta kasa kifin, a yi ciniki da marafan kwalba, sauran su koyi bin layi.

Mako na gaba sai noman shinkafa a fadama. Kayan wasan ba su da tsada. Abin da ake bukata shi ne horar da malamai da rage cunkoso a aji.