Kurket: Wasan yaran Ingila da har yau bai shigo Zango ba

Ka tambayi yaro a Nima ko Maamobi wane ne Mohammed Kudus, kafin ka rufe baki ya ba ka amsa. Amma ka ambaci kurket, sai ya tsaya yana kallonka. Alhali a Achimota, nan kusa da mu, aka buga wasan a gasar wasannin Afirka a watan Maris na 2024, inda Zimbabwe ta kwashe zinaren maza da na mata.

Da yawa na ɗaukarsa wasan masu hannu da shuni, amma a Ingila yara ne suka fara shi. Shaida mafi daɗewa ta fito ne daga wata shari'ar fili a garin Guildford a 1598, inda John Derrick ya gaya wa kotu cewa shi da abokansa sun buga wasan a wannan filin tun suna 'yan makaranta, wajen 1550. Daga baya attajirai suka shigo da kuɗi da caca, aka rubuta dokoki a 1744, aka kafa kulob ɗin Marylebone a 1787.

Turawan mulkin mallaka ne suka kawo shi Gold Coast, har ta kara da Legas a 1904. Sai dai ya maƙale a manyan makarantu da wuraren shaƙatawar manya.

Yanzu kurket zai koma gasar Olamfik a Los Angeles a 2028. Sanda da ƙwallo ba sa gagara. Fili ne matsalar, domin gine-gine sun cinye unguwanninmu. To, a ina yaron Nima zai fara koyo?