Gargaɗi: Yaron da Ya Yi Jijjiga Kada Ya Kwana a Gida

Jama'a, wannan kira ne ga duk mai ƙaramin yaro a hannu, uwa ko uba, kaka ko gwaggo mai riƙo. Duk ranar da yaro ya shiɗe, idanunsa suka kakkafe, jikinsa ya kama jijjiga alhali bai taɓa yi ba, a ranar za a kai shi asibiti. Ko da tsakar dare ne. Ko da ya farfaɗo ya nemi nono.

Farfaɗowar nan ita ke yaudarar mutane. Da daminar bara ihun wata maƙwabciyarmu ya tashe mu bayan sallar isha'i. Na tarar da 'yarta mai shekara biyu kwance a tabarma, haƙora a datse, kumfa a gefen baki, hannun dama yana ta fizga. Wani na kokawar cusa mata cokali, kakar ta riƙo kwalbar manja, an aiki yaro ya ɗebo garwashi a yi hayaƙi. Can ta lafa, barci ya ɗauke ta. Aka yi hamdala, aka ce iska ce ta gifta. Da asuba ta sake, wannan karon ba ta daina ba sai a asibiti. Da aka ɗigi jinin yatsanta, sai ga shi zazzaɓin cizon sauro ne ya yi tsanani, sukarin jininta kuma ya faɗi. Allah ya yi da sauran kwananta, amma daren da aka bari ya wuce yana nan a raina har yau.

Jijjiga ƙararrawa ce da ƙwaƙwalwa ke bugawa, kuma abin da ke buga ta yana da yawa. A ƙasarmu zazzaɓin cizon sauro ne kan gaba, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka. Da rani kuwa, in hunturu ya ja da baya zafi ya kunno kai, sanƙarau ne abin tsoro. Akwai faɗuwar sukari, buguwa a ka, wahalar haihuwa da ta hana jariri numfashi da wuri, da shawarar jarirai da aka yi wa sakaci. Mutanen Zamfara ba su manta 2010 ba, lokacin da yara suka riƙa jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Da aka bincika, gubar dalma ce daga dutsen zinariya da ake dakawa cikin gidaje, kuma ta ci yara fiye da 400. Babu mai gane wannan da ido, awon jini ne ya tona.

Gaskiya ne yara da yawa tsakanin wata shida da shekara biyar suna jijjiga don zafin jiki kawai, kuma galibinsu suna girma lafiya lau. Amma likita ne zai faɗi haka bayan ya duba. Farkon sanƙarau da jijjigar zafin jiki kamarsu ɗaya a idon uwa.

In abin ya zo, a kwantar da yaro a ƙasa bisa gefensa don yawu da amai su zubo waje. A kawar da murhu, ruwan zafi da duk abin da zai ji masa ciwo. A sassauta riga. Kada a danne shi, kada a sa masa komai a baki, cokali ne ko yatsa. Yaro ba ya haɗiye harshensa, cokalin ne ke karya haƙori. Manja, ruwa, rubutu ko maganin ruwa, duk abin da aka ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa yana iya tafiya huhu. Hayaƙi kuma shaƙe shi yake yi. Mutum ɗaya ya dubi agogo. In jijjiga ta kai minti biyar, ko ta dawo kafin yaro ya farka, ko leɓɓansa suka yi duhu, a ɗauke shi a haka a tafi. Mai waya kuma ya ɗauki bidiyo. Na san zuciya ba ta son haka, amma kafin a isa gaban likita abin ya wuce, kuma bidiyon minti ɗaya ya fi dogon bayani amfani.

Ba a hana kowa addu'a ba. A yi tofi, a yi ruƙiyya, amma a yi su cikin adaidaita sahu a kan hanyar asibiti.

Da an isa, iyaye ku buɗe baki ku yi tambaya. Allurar da ta tsayar da jijjiga rabin aiki ce. Ku nemi a auna maleriya da sukari, ku tambayi abin da ya jawo. In likita ya ce zai ɗebi ruwan baya, kada ku tattara kaya ku gudu. Na sha jin ana cewa yana gurgunta yaro. Ruwa ne kaɗan ake ɗiba da allura a ƙasan baya, kuma da shi ake tabbatar da sanƙarau, cutar da ke kurmantar da yaro ko ta kashe shi cikin kwana ɗaya ko biyu.

Akwai kuma jijjigar da ba ta da hayaniya, ita na fi jin tsoro. Jariri ɗan ƙasa da shekara ya riƙa zabura, kansa ya sunkuyo, hannuwa su watsu, sau da yawa a jere, galibi da ya tashi daga barci. Sai a ce ciwon ciki ne ko firgita. Wannan tana iya tsayar da ci gaban ƙwaƙwalwa, jinkirin makonni ma ɓarna ne. Haka yaron da yana cikin magana sai ya yi zuru na 'yan daƙiƙoƙi, a kira shi bai ji ba, sannan ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. A makaranta duka yake sha, ana ce masa daƙiƙi.

Irin waɗannan, da duk yaron da ya yi jijjiga ba tare da zazzaɓi ba, ko ya maimaita, ko gefe ɗaya kawai ke fizga, ko ya manta zama da tafiyar da ya iya, likitan ƙwaƙwalwar yara suke buƙata. Ku nemi takardar turawa zuwa babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko na Jami'ar Maiduguri. A can ake awon EEG, wanda ake manna wayoyi a fatar kai a karanta motsin ƙwaƙwalwa. Ba ya ciwo, ba ya sa wa yaro lantarki.

In an ce farfaɗiya ce, kada a ɓoye yaro a ɗaka. Ba a ɗaukarta ta yawu ko ta cin abinci a kwano ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da ita, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa in an gano cutar an ba su maganin da ya dace. Sharaɗin shi ne shan magani kullum a kan lokaci. Kada a yanke shi don yaro ya yi wata biyu bai faɗi ba, yankewa farat ɗaya na iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa. Kuma kada a sayo a kemis don an ga ya yi wa ɗan maƙwabta aiki, da nauyin yaro da irin cutarsa ake auna shi.

Maigida, yau ɗin nan ka ajiye lambar wani mai mota ko babur a unguwarku, ka kuma ba uwargida izini tun yanzu: in abin ya faru ba ka nan, ta ɗauki yaron ta tafi, ka same su a can.