'Yan gudun hijira a Nijar: maganar komawa gida da 'yancin kai-da-kawo

Lokaci-lokaci ma'aikatan Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, wadda aka sani da sunan HCR, suna bi gida-gida da takardun tambaya. Tambayoyin ba su da yawa: ko kana da niyyar komawa ƙasarku? Yaushe? In ba yanzu ba, me ya hana ka? Aikin ba na wasa ba ne, domin a kan waɗannan amsoshi gwamnatoci ke ɗora shirin kwashe dubban mutane. To amma nauyin amsa yana ga halin da mai bayar da ita yake ciki. Mutumin da ke cin kasuwa, yana noma, yana jin labarin garinsu daga bakin wanda ya fito can shekaranjiya, in ya ce zai koma, ya san abin da yake faɗi. Wanda kuwa aka killace, ba ya fita sai da takardar izini, abincinsa kuma yana raguwa, zai iya cewa ya yarda saboda gajiya kawai.

Doka ta yi bayani a kan abubuwan biyu. Yarjejeniyar Janeba ta 1951, a sashe na 26, ta ba ɗan gudun hijira damar zaɓen wurin zama da yin tafiya cikin ƙasar da ta karɓe shi, daidai da sauran baƙi. Sashe na 33 ya hana a mayar da shi inda ransa ke cikin hatsari. Yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka da aka ƙulla a Adis Ababa a 1969 ta ƙara da cewa komawa gida sai da son ran mai ita. Ita ce kuma ta nemi a zaunar da baƙi nesa da iyakar ƙasarsu saboda tsaro. Nijar ta amince da yarjejeniyoyin biyu, ta kuma kafa tata doka a 1997. Mai lura zai ga inda wahalar take: hukuma tana son ta nisanta mutum da iyaka don ta kare shi, shi kuwa yana son ya tsaya inda zai iya hango gida.

Darasin farko ya zo tare da mutanen Mali a 2012. A jahar Tilaberi an kafa sansanoni a Abala, Mangaize da Tabarebare. A arewacin jahar Tawa kuwa baƙin makiyaya ne, da raƙumansu da awakinsu, kuma ba a tsare makiyayi cikin tanti sai an yarda dukiyarsa ta ƙare. Saboda haka aka ware masu faɗin ƙasa a Intikan da Tazalit, inda suke bin kiwo su dawo wurin ruwa. Wanda ya tsira da garkensa, ranar komawa ba ya shiga garinsu da hannu biyu. Tsarin bai kuɓuta daga masu bindiga ba: a watan Oktoba na 2016 an kashe sojoji 22 a Tazalit, a ƙarshen watan Mayu na 2020 aka faɗa wa Intikan aka lalata wurin ruwanta, a 2021 aka rufe ta. Sansanonin Tilaberi su ma an rufe su a ƙarshen 2019, amma da wata manufa dabam, wato a ba mutane filaye cikin gari, su zauna unguwa ɗaya da 'yan ƙasa, lakwal ɗaya, asibiti ɗaya.

A jahar Maraɗi al'amarin ya fi kusa da masu karatun wanga shafi. Tun daga 2019 mutanen jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina suka riƙa ƙetarowa, suna gudun 'yan bindiga masu satar shanu da sace mutane don kuɗin fansa. Kafin ƙarshen watan Satumba na wannan shekara sun haura dubu 40, yawancinsu mata da yara. Ba sansani ne ya tarbe su ba. Ƙauyukan Gidan Rumji da na Madarunfa suka buɗe masu ƙofa, masu gari suka raba su gida-gida, aka ci abin da ke cikin rumbu tare tun kafin motar agaji ta iso. Ba abin mamaki ba ne: Bagobirin Sabon Birni da na Tsibiri gida ɗaya ne, ga auratayya, ga kasuwanni da ake ci tare tun kakanni.

Da nauyi ya yi wa ƙauyukan iyaka yawa, hare-hare kuma suka fara biyo baƙi, gwamnati da HCR suka zaɓi garuruwa uku can ciki: Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Ba a kewaye su da waya ba. An ƙara masu rijiyoyi, azuzuwa da gidan likita, don baƙo da ɗan gari su amfana tare, ƙaura zuwa can kuma da son rai ake yin ta. Duk da haka mutane da yawa sun gwammace zaman iyaka. Jami'in da ke ofis yana iya ɗaukar wannan taurin kai ne, alhali lissafi ne na manomi. Wanda gonarsa ke tafiyar yini ɗaya daga inda yake, yana iya leƙawa da damina ya yi shuka, ya koma da kaka ya kwaso abin da aka bar masa. Tafiya ce mai hatsari, an kuma yi asarar rayuka a cikinta. Amma da ita yake riƙe da gonarsa kada wani ya shige, da ita kuma yake auna ko lokaci ya yi. Irin wannan mutum, in aka tambaye shi ko ya koma ko bai koma ba, takardar tambaya ba ta da gurbin amsarsa.

Tarihin Maraɗi ma yana da abin faɗi a nan. Sarakunan Katsina da jihadi ya kora a farkon ƙarni na 19 sun zauna Maraɗi ne da niyyar komawa, sun kuma yi shekaru suna yaƙi a kan haka. Zaman jira ya zama gari, sarautar kuwa har yau sunan Katsina take ɗauke da shi.

Jahar Difa ta nuna ɗaya fuskar. A can akwai sansani na sosai, Sayam, wanda aka buɗe a ƙarshen 2014, amma mafi yawan waɗanda Boko Haram ta koro daga Barno sun zauna cikin garuruwa da bakin babbar hanyar kwalta mai lamba 1. Babu wanda ya kulle su. Sai dai dokar ta-ɓaci da aka kafa a watan Fabrairu na 2015, bayan harin Boso da Difa, ta hana hawan moto, ta tsayar da cinikin kifi da na tattasai, aka kuma kwashe mutanen tsibiran tafkin Cadi a watan Mayu. Hukuma tana da hujjarta, tun da da waɗannan sana'o'i mayaƙa ke samun kuɗi. Amma baƙo da ɗan gari duka suka wayi gari da 'yancin tafiya ba tare da inda za su je neman abinci ba. Sai bayan shekaru aka sassauta wa manoman tattasai da masunta.

Cikin wannan ƙunci aka shiga maganar komawa. A watan Yuni na 2021 gwamnatin Nijar ta fara mayar da 'yan ƙasa garuruwansu, ta soma da Baruwa, wajen mutum dubu 6. Bayan wata biyu mayaƙa suka kai hari a nan suka kashe sojoji 16. A 2022 gwamnatin jihar Barno, ƙarƙashin Babagana Zulum, ta kwashe dubban 'yan Najeriya daga yankin Boso zuwa Malam Fatori. Sun tarar da gari kewaye da ramin tsaro, gonaki da wuraren su kuwa suna bayan ramin, inda fita ke iya zama ajali. Wasu sun sake ƙetare Kumadugu suka dawo Nijar. An kai su gida, amma tafiyarsu a can ta fi ta wurin hijira taƙaita.

Shi ya sa a tsarin HCR akwai ziyarar gani-da-ido kafin a ɗaura kaya: wakilan baƙi su je su dubi gidaje da rijiyoyi da kasuwa, su dawo su ba jama'a labari, tun da gani ya kori ji. Akwai kuma gyaran da takardar tambaya ke bukata. Yawanci maigida ake tambaya, shi kuwa hankalinsa yana kan gona da kushewar iyaye. Uwargida, wadda ita za ta shiga daji neman itace, tana iya samun wani ra'ayi, saurayin da ya koyi sana'a a Maraɗi ko Difa haka nan. Sai kuma yara. Wanda ya yi shekara biyar a lakwal yana karatu da Faransanci, in aka mayar da shi Isa ko Damasak zai tarar da aji na Turancin Ingilishi. A Difa an buɗe cibiyoyin karatu inda 'yan sakandare daga Najeriya ke bin manhajar ƙasarsu, suna zana jarrabawarta, domin takardarsu ta yi aiki duk ranar da iyayensu suka yanke shawara. Ƙananansu, da aka haifa bayan ƙetarowa, takardar haihuwarsu ta Nijar ce, kuma garin da ake tambayar iyayensu a kansa ba su taɓa ganinsa ba.